Cibiyar Makaranta, Masani Na Waje Ko Likita: Ina Ɗalibi Da Ma'aikaci Za Su Kai Damuwarsu?

Shekarun da mutum yake yi a jami'a ko kwaleji sun faɗa daidai kan shekarun da larurorin ƙwaƙwalwa da yawa suke fara nuna kansu. Binciken da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2005 ya gano cewa rabin waɗannan larurori sukan soma ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin ya wuce 24. A 2018 wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bi 'yan aji ɗaya kusan 14,000 a manyan makarantu 19 cikin ƙasashe 8, aka tarar kusan ɗaya cikin uku ya yi fama da alamun wata larura a shekarar da ta gabata, musamman ciwon damuwa da fargaba. Masu buƙata suna da yawa ke nan. Inda ake rikicewa shi ne wajen zaɓen ƙofar da za a ƙwanƙwasa, don ƙofofin ma suna da yawa: ga cibiyar ba da shawara ta makaranta, ga masani mai zaman kansa a waje, ga asibiti, ga zaman rukuni, ga manhajojin waya, ga kuma shirin da wasu makarantu suke yi wa ma'aikatansu daban.

Akasarin mutane da abu biyu suke zaɓe: wanne ya fi kusa, wanne ne kuma ba za a gan su suna shiga ba. A ganina tambayoyin da suka fi cancanta su ne: yaya nauyin abin da ke damuna da irinsa, kuma wa zai iya ganin abin da aka rubuta a kaina? Amsar ta farko takan yanke wa ɗalibi hukunci. Ta biyun ce ta fi tsaya wa ma'aikaci a rai.

Akwai halin da ba ya jiran wani kwatance. Wanda yake tunanin kashe kansa har ya fara tsara yadda zai yi, ko yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya ƙudurce cewa ana bin sawunsa ba tare da dalili ba, ko ya kwana uku huɗu bai runtsa ba amma yana ji da ƙarfi yana ta surutu da kashe kuɗi, wannan sashen gaggawa na asibiti za a kai shi yau, tare da wani a gefensa. Ba a sa sunansa a layin masu jiran ganin mai ba da shawara. Duk abin da zan faɗa a ƙasa na wanda bai kai nan ba ne.

Cibiyar makaranta tsohon abu ce. Tun 1910 Jami'ar Princeton ta buɗe wa ɗalibanta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ƙarƙashin wani likita, Stewart Paton, bayan an lura cewa ɗalibai masu hazaƙa suna barin karatu saboda abin da ba na littafi ba. Ƙarfin irin wannan cibiya har yau ɗaya ne: ta san makarantar ciki da bai. Mai ba da shawara da ke zaune a harabar ya san lokacin da jarrabawa take ƙaratowa, ya san abin da ake nufi da faɗuwa kwas har sau biyu, ya san ofishin da ake neman ɗage jarrabawa ko dakatar da karatu na zango guda, kuma takardarsa tana da ƙima a idon hukumar makaranta fiye da ta baƙo. Galibi kuɗin hidimar yana cikin abin da ɗalibi ya riga ya biya, don haka ba sai ya nemi kuɗi a gida ba, ballantana a tambaye shi na mene ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibai da yawa su iya buɗe baki.

Rauninta kuwa daga yadda aka gina ta yake. Ma'aikata kaɗan ne ke ɗauke da dubban ɗalibai, shi ya sa yawancin cibiyoyin suke ƙayyade yawan zaman da kowa zai samu, sau da yawa bai kai goma ba. Layi yakan yi tsawo ne daidai lokacin da aka fi buƙata, wato makonnin da ke gab da jarrabawa. In an tafi dogon hutu, zama ya tsaya. Ranar da ka kammala karatu, haƙƙinka ya ƙare, ko da kana tsakiyar buɗe wani tsohon ciwo. A wasu wuraren kuma wanda zai saurare ka ɗalibin babban digiri ne da ke koyon aiki ƙarƙashin wani gogagge. Ban ɗauki wannan aibi ba, don mai koyo da ake duba aikinsa kowane mako yakan fi wani tsohon hannu da ya daina tambayar kansa kulawa, amma haƙƙinka ne a faɗa maka.

To zama shida ko takwas yana yin wani abu kuwa? Yana yi. A 1986 Kenneth Howard da abokansa sun tattara bayanan mutane fiye da 2,000, suka ga kusan rabi sun samu sauƙin da ake iya aunawa zuwa zama na 8, kusan kashi uku cikin huɗu kuma zuwa zama na 26. Abin lura a nan biyu ne. Sauƙi mafi yawa da wuri yake zuwa, saboda haka gajeren tsari ba wasa ba ne. Amma rabin mutane ba su kai ba a zama takwas, su kuwa in aka sallame su a nan, an bar su a tsakiyar hanya. Cibiyar makaranta ta dace da kewar gida, da tsoron jarrabawa, da rabuwar soyayya, da rasuwar da ba ta daɗe ba, da jan ƙafa wajen rubuta kundin digiri, da damuwa ko fargabar da ba ta kai ga hana mutum fita aji ba. Ko abin ya fi haka, ina ganin nan ya kamata ɗalibi ya fara zuwa, domin zaman farko na tantancewa ne, kuma cibiyar kirki ta san iyakarta, za ta ce maka wannan ya fi ƙarfinmu, ga inda za ka.

Masani mai zaman kansa a waje yana ba da abin da cibiya ba ta iya bayarwa: ɗorewa, da zaɓi, da ƙwarewa a fanni guda. Ba ruwansa da hutun makaranta, ba ya sallamarka don ka karɓi shaidar kammalawa, kuma kai ne za ka zaɓi namiji ko mace, mai jin harshenka, mai fahimtar addininka. Fayil ɗinka ba ya kusa da makaranta ko kaɗan. Kuɗi ne matsalarsa ta fili, kuma lissafin da ya kamata a yi shi ne na zama goma sha biyu zuwa ashirin, ba na zama ɗaya ba, don wanda ya fara ya tsaya a na uku saboda aljihu ya ƙone ya biya kuɗin ba da labarinsa ne kawai. A tambaya ko inshorar lafiya tana ɗauka, ko akwai rangwame ga ɗalibai, ko akwai asibitin koyarwa da ke yin aikin da sauƙin kuɗi.

Matsalarsa ta ɓoye ta fi wannan. A ƙasashe da yawa doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet da wanda ya shafe shekaru yana karatu da aiki ƙarƙashin kulawa duk suna iya rataya allo iri ɗaya. Makaranta aƙalla ta tace wanda ta ɗauka. A waje kai ne mai tacewa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke da ya ƙara ƙwarewa, shi ne mai rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana da babban digiri a fannin, yana tantance larura yana kuma yin jinya ta hanyar tattaunawa, amma a mafi yawan ƙasashe ba ya rubuta magani. Mai ba da shawara horonsa ya fi karkata ga matsalolin rayuwa na yau da kullum. Ko wanne ne a cikinsu, ka tambaye shi kai tsaye me ya karanta, wace hukuma ce ta yi masa rajista, wa yake duba aikinsa, kuma mutum nawa masu irin larurarka ya taɓa gani. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ɓata rai ya riga ya amsa maka.

Daga nan sai maganar salon jinya, wadda ake yawan ruɗa mutane da ita da gajerun sunaye. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, da Aaron Beck ya gina a Amurka a shekarun 1960. Tushensa shi ne yadda mutum yake fassara abin da ya same shi yana juya yadda yake ji da abin da yake aikatawa. Ɗalibar da ta faɗi gwaji ɗaya ta yanke cewa ita daƙiƙiya ce, ta daina zuwa aji don kunya, ta ƙara faɗuwa, ta ce ai dama na faɗa. A CBT za a zauna a warware wannan zagaye a takarda, a ba ta aikin gida, a ce ta shiga aji sau biyu a makon nan ta rubuto abin da ya faru a zahiri. Tsari ne mai jadawali da iyaka, kuma ya fi karɓar mai son a nuna masa abin yi. Wanda ba zai taɓa aikin gida ba, rabin amfanin ya wuce shi.

Kishiyarsa a yanayi shi ne salon Carl Rogers, wanda ya kafa cibiyar ba da shawara a Jami'ar Shikago a 1945, wato a cikin makaranta salon ya yi ƙarfi. A nan mai sauraro ba ya jan ragama. Yana saurare ne ba tare da hukunci ba, yana mayar maka da abin da ka faɗa har ka ji shi da kunnenka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a kan wannan fahimta aka gina shi. Yana da daɗi ga wanda bai taɓa samun mai jinsa ba, ko wanda yake cikin ruɗanin wane ne shi da me yake so, misali wanda yake karanta fannin da iyaye suka zaɓa masa. Ga mai son mafita a hannu kuwa, yakan fita yana cewa ni kaɗai na yi ta magana. Akwai kuma salon da ya samo asali daga likitan Austriya Sigmund Freud, mai bin diddigin yadda tarbiyyar ƙuruciya take maimaita kanta a mu'amalar yau. Yakan ɗauki watanni ko shekaru, shi ya sa ba kasafai ake samunsa a cibiyar makaranta ba. Na huɗu da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a makarantu shi ne IPT, wato jinyar hulɗa da mutane, na Gerald Klerman da Myrna Weissman, daga shekarun 1970, mai zama 12 zuwa 16, wanda yake kallon damuwa ta fuskar rashi, saɓani da na kusa, kaɗaici, da sauyin matsayi a rayuwa. Sabon ɗalibi, da mai shirin kammalawa, da malamin da ritaya ta ƙarato masa duk cikin sauyin matsayi suke.

Ga damuwa da fargaba na gama-gari, bambancin sakamako tsakanin waɗannan salon bai kai yadda magoya bayan kowanne suke faɗa ba. Abin da aka sha gani yana tafiya da samun sauƙi shi ne jituwa tsakanin mutum da mai jinyarsa. Edward Bordin a 1979 ya kasa ta uku: ku yarda a kan inda aka nufa, ku yarda a kan abin da za a yi don a kai, sannan a samu aminci a tsakani. Saboda haka in ka samu wanda ka natsu da shi a cibiyar makaranta, kada sunan wani salo da ka gani a intanet ya ɗauke ka.

Sai dai akwai larurorin da salo yake da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne biyan kuɗi a waje yake cin kuɗinsa. Mai ciwon waswasi, wanda yake wanke hannu har fata ta tsage ko yake komawa duba ƙofa sau ashirin, yana buƙatar jinyar da ake fuskantar da shi da abin tsoron a hankali tare da hana shi maimaita al'adar, hanyar da Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966. Zaman lallashi da kwantar da hankali yakan ƙara wa waswasi abinci ne, don neman tabbaci shi kansa ɓangare ne na ciwon. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda ya tsira daga hari ko haɗari kuma abin yana dawo masa a mafarki da farke, yana buƙatar CBT na musamman mai fuskantar abin da ya faru, ko EMDR, jinyar da ake tuna abin da ya faru ana motsa ido gefe zuwa gefe, da Francine Shapiro ta fara a 1987, galibi zama 8 zuwa 12 ko fiye. Bai kamata a buɗe irin wannan rauni saura mako biyu a tafi hutu ba. Mai yankar jikinsa ko mai fushi da baƙin cikin da ke kifar da shi cikin sa'o'i, DBT na Marsha Linehan, wani reshen CBT mai koyar da sarrafa zuciya, aka gina dominsa, kuma cikakkensa yakan haɗa zaman mutum ɗaya da na rukuni na tsawon watanni. Larurar ƙin cin abinci tana buƙatar likita a cikin tawaga, domin tana taɓa zuciya da gishirin jini. Rashin barci mai daɗewa kuma yana da nasa gajeren CBT na zama huɗu zuwa takwas, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce a 2016 shi za a fara gwadawa kafin ƙwaya.

Batun magani kuwa, kuskure ne a ɗauke shi kishiyar tattaunawa. A damuwa mara tsanani, tattaunawa kaɗai takan isa. In ta yi nauyi, mutum ba ya iya tashi daga gado, ba ya ci, karatu ba ya shiga ko layi ɗaya, haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Ganin likita yana da wata fa'ida da ake mantawa: ƙarancin jini da matsalar ƙullin maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki suna iya kama da ciwon damuwa, gwajin jini ne kawai zai raba. Magungunan damuwa na zamani sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, illolinsu kuma su suke fara zuwa, abin da ke sa mutane su watsar tun a makon farko. In an samu sauƙi ana ci gaba aƙalla wata shida, kuma ba a yankewa rana ɗaya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan waɗannan magunguna a 2004, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa 'yan ƙasa da shekara 25, cewa tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa a makonnin farko. Wannan shekarun yawancin ɗalibai ne, don haka likitan da ya rubuta magani ya ce sai bayan wata uku bai yi daidai ba. A faɗa wa likita in an taɓa yin kwanakin rashin barci da kuzari fiye da kima, domin hakan yana sauya maganin gaba ɗaya. Magungunan sa barci irin su dayazifam kuma na 'yan makonni ne, suna kama jiki, kuma karɓar su daga hannun aboki a ɗakin kwana hanya ce ta ƙara matsala ta biyu a kan ta farko.

Zaman rukuni shi ne wanda kowa yake gudu, alhali ga wasu ya fi na mutum ɗaya. Mai jin cewa shi kaɗai ne ya shigo makarantar da kuskure, in ya ji mutum bakwai suna faɗin abu ɗaya, wani nauyi ya sauka wanda ƙwararre ba zai iya sauke masa ba. Layinsa ma ya fi gajarta. Haɗarinsa a ƙaramar makaranta shi ne doka ta ɗaure bakin mai jagoranta, amma 'yan rukuni alkawari ne kawai ya ɗaure su. Ɗalibai masu sauraron 'yan uwansu kuma kada a raina su in an horar da su ana kuma duba aikinsu. Shirin Friendship Bench da Dixon Chibanda ya fara a Zimbabuwe ya nuna a gwajin da aka wallafa a 2016 cewa zama shida da mai ƙaramin horo yana rage damuwa sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin zama biyar da waɗanda ba ƙwararru ba suke gudanarwa. Sharaɗin shi ne horo da sanin lokacin miƙa mutum gaba. Haka yake ga malamin addini da mutum ya amince da shi: yana iya zama ginshiƙi, amma ba ya maye gurbin likita in abin na likita ne.

Ta intanet abu uku ne daban da ake haɗawa a suna ɗaya. Zama ta bidiyo da ƙwararre na gaske kusan daidai yake da ido da ido ga damuwa da fargaba, muddin kana da ɗakin da ba mai ji, wanda a ɗakin kwanan ɗalibai ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Darussan CBT da ake bi a kwamfuta suna aiki in akwai mutumin da ke bibiyarka kowane mako. In babu, akasari ba a kai ƙarshe. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira suna iya rage dare, amma ba su san tarihinka ba, ba kuma za su kira kowa ba in ka shiga haɗari. Sannan a karanta abin da kamfani yake yi da bayanai. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa BetterHelp, wani kamfanin jinya ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 a kan zargin miƙa bayanan masu neman jinya ga kamfanoni irin su Facebook don talla.

Lissafin ma'aikaci daban ne. Malami ba zai so ya zauna a ɗakin jira kusa da ɗalibar da zai duba takardarta gobe ba, kuma mai ba da shawarar da ke cibiyar abokin aikinsa ne, suna haɗuwa a taro, albashinsu daga aljihu ɗaya yake fita. Ko da babu wanda ya yi niyyar tona asiri, wannan kusanci yana hana baki buɗewa, ƙa'idojin aikin ma suna ƙyamar jinyar wanda kake da wata alaƙa da shi. Shi ya sa makarantu da yawa suke ɗaukar kamfanin waje ya yi wa ma'aikata hidima, tsarin da ya samo asali daga shirye-shiryen taimaka wa ma'aikata masu shaye-shaye a masana'antun Amurka a shekarun 1940. Kyauta ne ga ma'aikaci, ana samu da sauri, wani lokaci har da iyalinsa, kuma a ƙa'ida alƙaluma kawai ake kai wa makaranta, ba sunaye ba. Amma zamansa kaɗan ne, sau da yawa bai kai na ɗalibai ba, kuma akwai bambanci babba tsakanin ka je da ƙafarka da shugabanka ya tura ka. A na biyun ana iya sanar da shi ko ka halarta. A tambaya kafin a fara. Masu gadi, masu shara da malaman wucin gadi kuma su bincika ko suna cikin tsarin ma, domin wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila sau da yawa ba ya ciki, ga shi kuwa ba shi ne ya fi kowa sauƙin rayuwa ba. Ɗalibin digiri na uku da yake koyarwa yana tsakiya, wani wuri yana da haƙƙi a duka biyun, wani wuri kowane ɓangare ya tura shi ga ɗayan.

Akwai abin da nake so ma'aikaci ya tsaya ya auna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar aiki da alamu uku, gajiya mai tsanani, da sanyin zuciya ga aikin, da raguwar iyawa, ta kuma ce abu ne da ya shafi wurin aiki, ba ta sa shi cikin cututtuka ba. In matsalarka ita ce kwasa-kwasan mutum uku aka ɗora maka, ko shugaban sashe yana cin zarafinka, zama shida na koyon numfashi ba zai rage ko takarda ɗaya a teburinka ba. Mai ba da shawara zai taimaka maka ka yi barci, ka tsara abin da za ka faɗa, ka yanke ko za ka zauna ko za ka tafi. Gyaran kuwa yana wajen ƙungiyar ma'aikata, da ofishin ƙorafi, da likitan da zai rubuta hutun rashin lafiya. Kuma in rikicin da makarantar kanta ne, har ana jin ƙamshin kwamitin ladabtarwa ko kotu, ni dai masani na waje zan zaɓa, wanda ba ya karɓar ko kwabo daga wajenta.

Sirri yana da iyaka a ko'ina, kuma sanannen misalin iyakar daga jami'a ya fito. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya faɗa wa masanin da ke duba shi cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. An sanar da 'yan sandan makaranta, suka tsare shi suka sake shi, ba wanda ya gargaɗe ta ko iyayenta, bayan wata biyu ya kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa mai jinya yana da nauyin kare wanda ke cikin haɗari. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina ana iya buɗe sirri in rai yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Bayan waɗannan, malaminka, shugabanka da iyayenka ba su da hurumin sani sai da izininka, in ka kai shekarun girma a doka. A zaman farko ka nemi a nuna maka wannan a rubuce. Ka tambaya a ina ake ajiye fayil, ko a haɗe yake da na karatu ko na aiki, wa ke iya buɗe shi, da abin da za a rubuta in ka nemi takardar ɗage jarrabawa. Takardar tana iya cewa kana ƙarƙashin kulawa ba tare da ta ambaci sunan larura ba. In kuma inshorar iyaye ko ta wurin aiki ce za ta biya, a bincika wa ake aika wa bayanin biyan.

Ko wace ƙofa ka shiga, ka nemi a riƙa aunawa. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, inda 10 zuwa sama yake nuna damuwa matsakaiciya, 20 zuwa sama mai tsanani, da 'yar uwarta GAD-7 ta fargaba mai maki 21. Ba sa yanke hukuncin ciwo, amma cikin minti biyu suna nuna ko ana gaba ko ana tsaye, kuma saukar maki biyar a ta farkon abu ne da ake ɗauka da muhimmanci. Zaman farko da na biyu sukan yi nauyi, wani ma ya fita ya fi shigarsa jin ciwo, wannan ba dalilin gudu ba ne. Amma in an kai zama na biyar ko na shida maki bai motsa ba, ba ka san inda aka nufa ba, ko kana ɓoye abubuwa don ba ka natsu da mutumin ba, ka faɗa masa a fili. Nagari zai sauya hanya ko ya miƙa ka ga wani, kuma a cibiyar makaranta ana iya neman canjin mai ba da shawara ta wajen mai karɓar baƙi ba tare da dogon bayani ba. Ɗalibin ajin ƙarshe kuma ya fara maganar inda zai ci gaba tun saura wata biyu ko uku ya kammala, ya karɓi takardar taƙaitaccen bayanin jinyarsa da sunan maganin da yake sha da adadinsa, tun katin makarantarsa yana aiki.